Ido Ba Mudu Ba, Ya San Kima: Tarihin Awon Murmushi

A ƙasar Hausa idan ana yabon kyan mace, bayan an ambaci dogon wuya da dara-daran idanu, ba a cika mantawa da wushirya ba, wato ƴar tazarar nan da ke tsakanin haƙoran gaba biyu na sama. Uwa takan ji daɗi in ta ga ƴarta ta fito da ita. Amma da yarinyar nan za ta buɗe baki gaban likitan haƙori wanda ya tsaya a kan littattafan Turai da Amurka na ƙarnin da ya wuce, mai yiwuwa ne ya rubuta wushiryar cikin jerin abubuwan da ke bukatar gyara. Ga baki ɗaya, mutum biyu sun duba, kowa ya yanke nasa hukunci.

To, daga ina likitan ya samo ma'auninsa? Wane ne ya fara cewa ana iya auna kyan murmushi da lamba? Ya kamata mu san wannan tarihi, gama maganar ta wuce ta ado kawai. Gashi in an aske yakan tsiro, farce in an yanke yakan fito, amma farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori in an kankare shi ya tafi ke nan har abada. Wanda zai miƙa haƙoransa a daidaita masa su bisa wani ma'auni, yana da kyau ya fara tambayar asalin ma'aunin.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Tun zamanin dā mutane suke taɓa haƙoransu saboda ado, amma kowace al'umma da abin da take so. Wajen shekara 600 kafin miladiyya, mutanen Eturiya a tsakiyar Italiya suna ɗaure haƙoran gaba da zoben zinariya mai faɗi, kuma yawancin waɗanda aka samu da shi a kaburbura mata ne. Mutanen Maya na kudancin Meziko da Gwatamala, fiye da shekara 1000 da suka wuce, suna huda fuskar haƙoran gaba su dasa ɗan koren dutse mai daraja a ciki, waɗansu kuma su feƙe bakin haƙorin. A Andalus, likitan nan Az-Zahrawi na birnin Kurɗuba, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya rubuta yadda ake goge haƙorin da ya ɗara ƴan'uwansa tsawo, da yadda ake ɗaure mai girgiɗi da zaren zinariya.

A Japan kuwa matan aure baƙi suke shafa wa haƙoransu, wanda ake haɗawa da garin ƙarfe da ruwan tsami. A wurinsu baƙin haƙori mai sheƙi shi ne kyau da kamala. Sai a shekara ta 1870 gwamnati ta hana ƴan sarauta yin haka, a 1873 kuma matar sarkin ƙasar ta fito bainar jama'a da fararen haƙora, daga nan al'adar ta soma ja da baya. Mu ma a nan kakanninmu mata sun yi cin goro da fure domin haƙora su yi ja, alhazai kuma suna dawowa da haƙorin Makka. Dukan waɗannan mutane suna neman kyau ne, amma ba wanda ya ɗauko lissafi a cikinsu. Lissafin ta wata hanya dabam ya biyo.

Lambar da aka kira ta zinariya

Wajen shekara 300 kafin miladiyya, wani masanin lissafi mai suna Yuklid, wanda ya koyar a Iskandariya ta Masar, ya bayyana wata hanyar raba layi gida biyu. Ga misali. Ka ɗauki igiya mai tsawon santimita 100, ka yanka ta yadda babban guntun zai zama kusan 62, ƙaramin kuma kusan 38. In ka gwada ƙaramin da babban, ka kuma gwada babban da dukan igiyar, za ka tarar rabon ɗaya ne. Babban ya ninka ƙaramin sau 1.618, ƙaramin kuma kashi 62 ne cikin 100 na babban. Yuklid ya yi amfani da wannan rabo wajen zana siffa mai kusurwa biyar. Bai haɗa shi da kyan fuska ba.

A shekara ta 1509 aka buga littafin Luca Pacioli a birnin Banis na Italiya, inda ya yabi wannan rabo ƙwarai, Leonardo da Vinci kuma ya yi masa zane-zanen. Amma maganar littafin ta lissafi ce, da gini, da siffar haruffa. A Jamus ne aka soma kiransa rabon zinariya. A 1854 wani Bajamushe, Adolf Zeising, ya ce ya same shi a jikin mutum daga kai har ƙafa, da cikin itatuwa da dabbobi. A 1876 Gustav Fechner ya ba da labarin gwajin da ya yi, inda ya nuna wa mutane siffofi masu kusurwa huɗu, ya ce sun fi zaɓen wadda take kusa da wannan rabo. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba su sami amsa ɗaya ba. Duk da haka maganar ta riga ta shiga gari, cewa akwai lamba ɗaya da ke ɓoye a cikin kowane abu mai kyau.

Yadda likitoci suka shiga neman ƙa'ida

Aikin haƙori irin na zamani a Faransa ya soma tsayawa da ƙafafunsa. A 1728 Pierre Fauchard ya buga babban littafinsa a Paris, ya kuma bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaure wa haƙora da zare domin a jawo karkatattu su hau layi. A lokacin nan manyan mutane ba sa yarda a zana su baki buɗe, ana ganin haka halin mashaya ne da mahaukata. Shi ya sa a 1787, da mai zane Élisabeth Vigée Le Brun ta nuna hoton kanta rungume da ƴarta, tana murmushi har fararen haƙoranta sun ɗan bayyana, waɗansu masu sharhi a Paris suka yi mata ca. Hoton yana nan a gidan tarihi na Louvre.

Amma abin da ya tilasta wa likitoci neman ƙa'ida shi ne bakin da ba haƙori ko ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 18 aka soma yin haƙora da tangaran a Faransa, a tsakiyar ƙarni na 19 kuma aka sami roba mai tauri da ake dasa su a kai, har talaka ma ya iya saye. To, ga tsoho ya zo da dasashi kawai, ba hoton ƙuruciyarsa, ba abin da za a kwaikwaya. Wane faɗi za a ba haƙorin gaba? Wane tsawo? Dole mai aikin ya sami abin dogara. Mu riƙe wannan da kyau: ƙa'idodin farko an yi su ne domin maye gurbin abin da ya ɓace. Ba a yi su domin a hukunta lafiyayyun haƙora ba.

A Amurka, Edward Angle, wanda ake ɗauka uban aikin daidaita haƙora, ya rarraba karkacewar haƙora aji uku a 1899, rabon da ake koyarwa har yau. Wajen kyan fuska kuwa, sai ya ɗauki wani mutum-mutumin farin dutse na Girkawa da Romawa, Apollo Belvedere, wanda ke ajiye a Batikan, ya ce ga abin koyi. Wani abokinsa malamin zane a birnin St. Louis, Edmund Wuerpel, ya ja kunnensa. Ya nuna masa cewa fuskokin mutane iri-iri ne, kowace da abin da ya dace da ita, ba za a auna su duka da fuskar dutse ɗaya ba. Angle ya saurare shi, har Wuerpel ya riƙa yi wa ɗalibansa lacca.

A 1914 James Leon Williams ya kawo tasa ƙa'idar. Ya ce haƙorin gaba siffar fuskar mai shi gare shi in an juya ta kai ƙasa, ya kuma raba siffofin uku: mai kusurwa huɗu, da mai tsukewa, da mai kama da ƙwai. Kamfanonin yin haƙora suka karɓa hannu bibbiyu domin ta sauƙaƙa musu ciniki, ko da yake awon da aka yi daga baya bai nuna fuska da haƙori suna bin juna sosai ba. Daga 1955 kuma John Frush da Roland Fisher suka ce a duba jinsi da shekaru da halin mutum. Sun lura cewa haƙoran roba da aka jera daidai wa daida kamar haƙoran mataji suna tona asirin mai su, saboda haka suka ba da shawara a ɗan karkata wannan, a ɗan gajarta wancan, domin baki ya yi kama da na halitta.

Daga Holiwud zuwa ma'aunin Levin

A 1928 wani likita a Kalifoniya, Charles Pincus, ya soma yi wa ƴan wasan silima na Holiwud wani siririn ɓawo da ake liƙa wa haƙoran gaba. Na'urar ɗaukar hoto tana matsowa kusa da fuska, kowane giɓi yana fitowa ƙato a majigi. Ɓawon nan ba ya daɗewa, ana gama ɗaukar hoto sai a cire. Amma miliyoyin masu kallo ba su san haka ba. Sun ga jerin fararen haƙora, suka ɗauka haka ya kamata bakin mai kyau ya zama.

Abin da ya rage shi ne hanyar liƙa ɓawon ya zauna. A 1955 Michael Buonocore, a birnin Rochester na jihar New York, ya gano cewa in an shafa wa haƙori ruwan asid na ɗan lokaci, fuskarsa takan yi ƙananan ramuka da gam zai kama. A 1983 John Calamia da Richard Simonsen, da kuma Harold Horn, suka nuna yadda za a yi wa tangaran ma haka, ya manne da haƙori shekara da shekaru. Daga nan likita ya sami ikon sake faɗi da tsawo da launin lafiyayyen haƙori yadda ya ga dama. Tambayar da a dā ake yi game da bakin tsoho sai ta koma kan bakin saurayi da budurwa.

A daidai wannan zamani ne rabon zinariya ya shigo ɗakin likita. A 1973 Richard Lombardi ya ambace shi cikin wani dogon rubutu game da kyan haƙoran roba, amma shi kansa ya ga ya yi wa haƙora tsanani. A 1978 kuwa Edwin Levin, likita a Landan, ya tsaya a kansa sosai. Haƙora a jere suke kamar baka, saboda haka in ka dubi mutum gaba da gaba, kowane haƙori yana bayyana ƙasa da wanda ke gabansa. Levin ya ce faɗin da ido ke gani ya kamata ya riƙa raguwa da rabon zinariya. A ce babban haƙorin gaba 10 ne, na kusa da shi sai ya zama 6.2, fiƙa kuma 3.8. Ya buga takardun awo, ya kuma ƙera wani ma'auni mai ƙafa uku wanda kome buɗewarsa rabon ba ya sakewa. Ƙa'idar tana da sauƙin koyarwa, tana da suna mai daɗi, tana kuma da tsohon tarihi a bayanta. Nan da nan ta shiga littattafai.

Gani ya kori ji

Sai dai an yi shekaru ana koyar da ita kafin a tashi auna bakunan mutane da yawa a gani. A 1993 Jack Preston, a Amurka, ya auna samfurin haƙoran mutum 58. Tsakanin babban haƙorin gaba da na kusa da shi, kashi 17 cikin 100 ne kaɗai suka dace da rabon zinariya. Tsakanin na biyun da fiƙa kuwa bai sami ko ɗaya ba. Abin da ya samu a matsakaici shi ne, na biyu kashi 66 ne cikin 100 na babban, fiƙa kuma kashi 84 ne na na biyun. Wato in babban 10 ne, sauran sun fi kusa da 6.6 da 5.5. Masu bincike a Tehran ta Iran a 2004, da na Ankara ta Turkiyya a 2005, sun auna ɗalibansu, su ma ba su tarar rabon yana mulkin baki ba.

An kuma gwada idon likitocin kansu. A shekara ta 2000 Stephen Rosenstiel da abokan aikinsa suka nuna wa likitoci hotunan haƙora da aka sassauya da kwamfuta. Likitocin ba su zaɓi rabon zinariya ba sai a inda haƙoran suke da tsawo ƙwarai. A haƙora matsakaita da gajeru, rabon yana sa na gefe su tsuke, baki ya zama kamar na zomo. Waɗansu suka kawo gyara. Stephen Snow a 1999 ya ce a raba faɗin haƙoran gaba shida kashi 25 da 15 da 10 a kowane gefe. Daniel Ward a 2001 ya ce a zaɓi rabon da ya dace da tsawon haƙoran mutum, sa'an nan a maimaita shi. Da ka ga lambobi sun yi yawa haka, ka san babu ɗaya da ta isa ta zama doka.

Daidaiton dama da hagu fa? A nan ma awo ya koya mana abu. A 1999 Vincent Kokich da abokan aikinsa a birnin Seattle suka sauya hotunan murmushi kaɗan-kaɗan, suka nuna wa ƙwararrun masu daidaita haƙora, da sauran likitoci, da mutanen gari. Da aka gusar da layin tsakiyar haƙora daga tsakiyar fuska har milimita 4, mutanen gari da sauran likitoci ba su lura ba. Amma da aka karkata haƙoran gaba da milimita 2 kawai, dukansu suka gani. A 2006 suka sake gwaji, suka tarar cewa ido ya fi saurin kama bambanci in haƙori ɗaya ne ya saɓa wa ɗan'uwansa na ɗaya gefen, fiye da in an sauya su duka biyu tare. Ƙaramar wushirya kuwa ba rukunin da ya ce ta ɓata murmushi.

Ashe dai ido yana da abin da yake nema. Yana so manyan haƙoran gaba biyu su yi kama da juna, su tsaya a miƙe, faɗin kowanne ya zama wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tsawonsa, bakinsu kuma ya bi lanƙwasar leɓen ƙasa. In an yi nisa da tsakiya sai ya yi sassauci, gama babu fuskar da gefenta biyu suke daidai ƙwaf. Hausawa sun riga sun faɗa: ido ba mudu ba, ya san kima.

Garin gyaran gira

Me ya sa wannan tarihi ya shafe mu? Domin haƙori ne ke biyan kuɗin kowace ƙa'ida. Farin ɓawon da ke fuskar haƙorin gaba bai cika wuce milimita ɗaya ba a kauri, kusa da dasashi ma bai kai rabin haka ba. A 2002 Daniel Edelhoff da John Sorensen suka auna abin da ake cirewa. Domin liƙa siririn ɓawon tangaran ana kankare kashi 3 zuwa 30 cikin 100 na abin da ke bisa dasashi. Domin sa wa haƙori hula gaba ɗaya kuwa ana cire kashi 63 zuwa 72. Haƙorin da aka yi wa haka ya zama bawan likita muddin ransa, domin hula da ɓawo suna tsufa, sai an sake su. A 2022 ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta tambayi likitoci kimanin 1000, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ce sun yi jinyar mutanen da suka je wata ƙasa neman aiki mai araha suka dawo da matsala.

Kada mu ɗauka wannan ciwon na Turawa ne kaɗai. A daidai lokacin da waɗansu suke biyan kuɗi a rufe musu wushirya, a Afirka ta Yamma waɗansu suna biya a buɗe musu. A 2012 likitoci a kudancin Nijeriya suka buga labarin wata budurwa da ta je wurin wanda bai san aikin ba ya goge mata haƙoran gaba domin ta sami wushirya, har jijiyar haƙori ta mutu, sai da aka yi aikin cire ta. Faransawa ma suna kiran wushirya haƙoran sa'a, a Japan kuma wajen 2011 an yi yayin liƙa fiƙar ƙarya domin haƙora su ɗan hau juna. Mai rufewa da mai buɗewa kuskurensu ɗaya ne in haƙorin lafiyarsa lau: sun ba da abin da ba ya dawowa domin su sayi abin da yayi zai wuce da shi.

Wannan ba ya nufin gyaran haƙori aibi ne. Wanda haƙorinsa ya karye a hatsari, ko ya ruɓe, ko ya fito a karkace har yana hana shi tauna ko yana sa shi rufe baki cikin mutane, ilimin nan na awo alheri ne gare shi, domin shi ne ke taimakon likita ya mayar masa da abin da ya dace da fuskarsa. Likitocin kirki a yau suna amfani da lambobin nan kamar yadda tela ke amfani da awo, a soma da shi, sa'an nan a gwada a jikin mai riga.

Saboda haka, mai karatu, in wata rana aka ce za a daidaita maka murmushi, ka yi tambaya uku kafin ka buɗe baki. Nawa za a kankare daga lafiyayyen haƙorina? Akwai hanyar da ba sai an kankare ba, kamar ɗaurin waya ko wanke launi? Shekara nawa aikin zai yi kafin a sake shi, nawa kuma za a kashe a lokacin? Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayoyin nan ba. In kuwa haƙoranka suna tauna tuwo ba ciwo, ka riƙe su da aswaki ko buroshi safe da dare, ka rage zaƙi, ka bar wushiryarka inda ka same ta, kada garin gyaran gira a rasa ido.